An sace mana injin ban-ruwa da karsana, mun gan su a hannun wasu: sai mun biya za mu karɓa?

Tambaya: Wani bawan Allah daga wani ƙauye a ƙasar Auyo ya rubuto yana cewa: "Bara da sanyi, a dare ɗaya, aka shiga gidan mahaifinmu aka ɗauke injin ban-ruwa, aka kuma kwance karsana. Mun yi cigiya har mun gaji. Watan jiya ƙanena ya ga injin a shagon wani mai gyaran injuna. Mai shagon ya ce wani yaro ne ya jinginar masa a kan naira dubu 40, in muna so mu kawo kuɗinsa mu ɗauka. Da muka bi sawun yaron aka ce ya tafi Kudu, amma a nan muka ji inda karsanar take. Wani dattijo ne ya saye ta a kasuwar Gujungu ta hannun dillali, har ta haihu a wurinsa. Shi ma ya ce da kuɗinsa ya saya a bainar jama'a. Baba ya ce a bar wa Allah, matasan gida sun ce a je a ƙwato da ƙarfi. Mene ne hukunci?"

Amsa: Malam, Allah ya mayar wa Baba da alheri. Wanda ya taɓa noman rani a fadama ya san abin da ake nufi da rasa inji a tsakiyar sanyi, lokacin da alkama ko tumatir ke jiran ruwa. Na shafe shekaru ina aikin lauya a kotunan shari'a da na majistare a wannan yanki namu, kuma irin wannan magana tana cikin waɗanda suka fi zuwa gabana.

Injin na Baba ne, saniyar ta Baba ce, ɗan maraƙin ma nasa ne. Babu ko kwabo da shari'a ta ɗora muku ku biya mai shago ko dattijon nan kafin ku karɓi kayanku. Wahalar tana wajen tabbatar da cewa kayan naku ne, kuma a nan ne masu gaskiya da yawa suke faɗuwa.

Sata ba ta cire mallaka. Ɓarawo bai mallaki saniyar ba, don haka ba shi da abin da zai miƙa wa dillali, dillali ba shi da abin da zai miƙa wa dattijo. Ko hannu goma ta bi, igiyarta tana nan a turken Baba. Malaman Malikiyya sun ware wa wannan babi guda, ana kiransa istihƙaƙi, wato mutum ya ga abinsa a hannun wani ya kawo hujja ya karɓa. Yana cikin Mukhtasar na Khalil, yana cikin Tuhfa ta Ibn Asim, littattafan da alƙalanmu ke buɗewa kullum. Wanda aka karɓe kayan daga hannunsa ba a ce ya yi asara ba, an ce ya koma kan wanda ya sayar masa ya karɓi kuɗinsa, shi ma wancan ya koma kan na gabansa, har a dangana da ɓarawon.

To, yaya ake tabbatarwa? Alƙali ba zai ba ku saniya don kun ce kun gane ta ba, domin dattijon ma zai ce ya san ta, shekara guda yana ba ta dusa. Abu yana hannunsa, ku ne masu da'awa, ku ne za ku kawo shaida. Ana son maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu. Idan shaida ɗaya aka samu, a maganar dukiya mazhabarmu ta yarda a haɗa shi da rantsuwar mai ƙara. Abin da za su faɗa shi ne sun san wannan saniyar ta wane ce, sun daɗe suna ganinta a hannunsa, kuma a iya saninsu bai sayar da ita ba, bai kyautar ba. Ka lura da wani abu da ke kayar da mutane: shaidar ɗa ga ubansa ba ta karɓuwa, haka ta uba ga ɗansa. Kai da ƙanenka, duk da ku kuka fi kowa sanin karsanar nan, ba za ku zama shaidun Baba ba. Ku nemi maƙwabci, ku nemi Bafulatanin da yake fita da ita kiwo, ku nemi wanda ya sayar wa Baba uwarta ko ita kanta. Bayan shaidu, Baba da kansa zai rantse cewa ba ta fita daga mallakarsa ta kowace hanya ba. A gida da gona ba a neman wannan rantsuwa, amma a dabba da kayan da ake ɗauka ana nema. Sannan alƙali zai yi wa dattijon i'izari, ya tambaye shi ko yana da suka a kan shaidun ko wata hujja, kafin ya yanke hukunci.

Maganar inji ta fi sauƙi idan kuna da rasit mai ɗauke da lambar da aka buga a jikinsa. Na san mafi yawan manomanmu ba sa ajiye rasit, wasu ma na hannu suka saya. In babu, makanikin da ya saba gyara muku shi shaida ne mai ƙarfi. Shi ya san inda aka yi walda, ya san igiyar tayarwar da ya sauya, ya san kusar da ba ta asali ba. Na taɓa ganin an ci shari'ar inji da walda guda ɗaya a ƙafarsa, saboda mai waldar ya siffanta ta kafin a fito da injin.

Yanzu maganar haihuwa, wadda na tabbata ita ce za ta fi yi wa dattijon ciwo. Fiƙihu ya bambanta tsakanin amfanin dabba da 'ya'yanta. Wanda ya saya bai san na sata ba ne, duk nonon da ya tatsa, takin da ya kwashe, aikin da ya yi da ita, sun zama nasa har ranar hukunci, ba za a ce ya biya ba, domin da ta mutu a hannunsa shi ne kuɗinsa suka tafi. Amma ɗa yana bin uwarsa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garuruwanmu, ta faɗa ƙarara cewa 'ya'yan dabba na wanda ya tabbatar da mallakar uwar ne, ko daga hannun mai saye ne. Da saniyar ta mutu mutuwar Allah a hannun dattijon, ba ku da abin bi a wurinsa, sai ku nemi ɓarawo. Da ya yanka ta ya ci, sai ya biya ƙimarta. Idan kuwa aka gano ya san ta sata ce ya saya, duk wannan rangwamen ya faɗi, hukuncinsa ya zama ɗaya da na wanda ya ƙwace.

Dattijon ya ce a bainar jama'a ya saya, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Tana kare shi daga zargin laifi. Mutumin da ya je kara ranar Lahadi da rana tsaka, ya yi ciniki ta hannun dillali sananne, ya biya kuɗin da ake sayar da irinta, ba a kiransa mai sayen kayan sata. Akwai kuma wata tsohuwar ƙa'ida a dokar ciniki ta Ingila ta 1893, wadda Najeriya ta gada, da ke cewa wanda ya sayi abu a buɗaɗɗiyar kasuwa da zuciya ɗaya ya mallake shi. Lauya zai iya ɗauko ta idan magana ta je babbar kotu. Amma ita dokar da kanta ta ce da zarar an kama ɓarawon an yanke masa hukunci, mallaka ta koma ga mai ita na asali. Su kansu Turawan Ingila majalisarsu ta soke wannan ƙa'ida a 1994, saboda ta zama mafakar ɓarayi. Ku Musulmi ne ku duka, kotun shari'ar Musulunci za ku je, kuma fiƙihun Malikiyya bai san wannan togaciya ba. Takardar da ma'aikatan ƙaramar hukuma ke yanka a bakin kara kuwa shaidar biyan haraji ce kawai, ba ta mallaka wa kowa dabba.

Wanda ya kamata dattijon ya riƙe shi ne dillali. La'adar da dillali ke karɓa ba ta iya tafa hannu ba ce. Al'adar kara, ko a Gujungu, ko Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, ita ce ba a sayen dabbar baƙo sai da wanda ya tsaya masa, kuma in magana ta taso dillalin ne zai nemo wanda ya kawo ta. Shugabannin kara sun san wannan sarai, kuma dillalin da ke son ci gaba da cin abinci a kasuwar ba ya son a kai sunansa gabansu. Sau da yawa nan ake samun kuɗin mai saye ba tare da an je ko'ina ba. Ina ba ku shawara ku taimaki dattijon a wannan, ku raka shi in ta kama. Shi ma an cuce shi ne kamar yadda aka cuce ku.

Mai shagon gyara kuwa, maganarsa daban ce, kuma ba zan ɓoye maka ba, ban gamsu da ita ba. Jingina ba ta inganta sai a kan abin da mai jinginarwa ya mallaka ko aka yi masa izini. Yaron ba shi da inji, saboda haka babu jingina. Dubu 40 ɗin bashi ne tsakanin mai shago da yaron, ya bi shi Kudu ya karɓa. Cewa "ku kawo kuɗina ku ɗauka" ɗora wa Baba bashin ɓarawon da ya shiga gidansa ne. Akwai wuri ɗaya da malamai suka ce mai kaya zai biya: idan wani ya ga kayanka a hannun ɓarayi ya fanso su da niyyar ya dawo maka da su, kuma babu hanyar samunsu sai ta haka. Wannan ya yi maka aiki ne, sai ka mayar masa da abin da ya kashe. Mai shagon bai fanso muku ba. Ya ajiye inji, bai yi cigiya ba, bai gaya wa mai unguwa ba, sai da ƙanenka ya gani da idonsa.

Kuma ya kamata ya san inda ya sa ƙafarsa. A kundin hukunta laifuka na Arewa na 1960, wato Pinal Kod, wanda jihohinmu suka gada, sashe na 317 ya ce wanda ya karɓi kayan sata ko ya riƙe su da rashin gaskiya, yana sane ko yana da dalilin da zai sa ya gane na sata ne, ana iya ɗaure shi har shekara 14. Sata zalla a sashe na 287 iyakarta shekara 5 ce. Ka ga doka ta fi tsananta wa mai karɓa, domin in babu mai saye ɓarawo ba zai sungumi inji a ka cikin dare ba. Kalmar da ke kama mutane ita ce "yana da dalilin ganewa". Alƙali zai tambaya: yaron manomi ne? An san shi da inji? Da wane lokaci ya kawo? Wa ya shaida? An kankare lambar? Kuɗin da aka ba shi ya yi kusa da ƙimar injin? Mutumin da sana'arsa gyaran injuna ce ba zai ce bai san darajar inji ba. Dokar Shaida ta 2011 ma, a sashe na 167, ta ba kotu damar ɗauka cewa wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar, ko shi ne ɓarawon ko ya karɓa yana sane, sai in ya yi bayani mai gamsarwa. Da yake shekara ta wuce, wannan zaton ya yi rauni, amma idan aka tabbatar cewa a makon satar aka kai masa injin, maganar ta dawo sabuwa. Daga ranar da kuka gaya masa na sata ne kuma, ci gaba da riƙe shi don neman kuɗi ya ƙara jefa shi cikin hatsari.

Bari in ɗan ratse, domin jingina ta yi yawa a ƙauyukanmu kuma ana yin ta ba bisa ƙa'ida ba. Halal ce. Alƙur'ani ya ambace ta a aya ta 283 ta Suratul Baƙara, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sha'ir. Amma abin da ake yi na cewa "in wata uku ya cika ba ka kawo kuɗi ba, abu ya zama nawa" haramun ne, Imamu Malik ya kawo hadisin hana shi a Muwaɗɗa. Idan lokaci ya cika, sayar da kayan ake yi da izinin mai shi ko na alƙali, mai bin bashi ya ɗauki haƙƙinsa, ragowar ta koma ga mai kaya. Haka nan wanda ya ba da rance ya karɓi jingina ba shi da damar morar kayan, ko inji ne ya bayar haya, ko babur ya yi acaɓa, ko gona ya noma, domin rance ne ya jawo amfani. A birane, tun zamanin Turawa aka yi dokar masu sana'ar karɓar jingina, wadda ta ginu a kan lasisi da littafin rubuta kaya da takardar da ake ba mai kaya. Mu a karkara ba mu da irin waɗannan shaguna, makaniki ne da mai shago da mai sayen hatsi suke wannan aiki, ba littafi ba shaida. Shi ya sa kayan sata suke samun wurin kwana. Abin da nake roƙon duk mai karɓar jingina ko sayen na hannu, har da 'yan gwangwan da masu sayen waya, shi ne littafin rubutu: sunan wanda ya kawo, garinsu, wanda ya tsaya masa, lambar kaya, kwanan wata. Wannan littafin shi ne zai fitar da shi ranar da 'yan sanda suka zo.

Matasan gidanku su yi haƙuri. Na san zafin da suke ji, mutum yana ganin saniyar ubansa a turken wani. Amma ranar da suka shiga gidan dattijon nan suka kwance ta, sun ba shi ƙara a hannu: shiga gida ba izini, tayar da hankali, in an yi rauni kuma abin ya wuce nan. Na tsaya wa wani mutum da ya yi haka a kan bijiminsa na huɗa. Bijimin nasa ne, kowa a garin ya sani, amma shi ya kwana a tsare, kuma kafin a gama shari'a biyu damina ta wuce, abin da ya kashe ya kusa kuɗin bijimin. Har yau in na tuna ina jin takaici, domin da ya jira kwana uku da an ba shi abinsa a zauren dagaci.

Ta nan nake so ku fara. Ku je wurin mai unguwarku ya haɗa ku da dagacin garin dattijon, a zauna, a kira dillali. Dattijon da ya sayi saniya da guminsa ba ya son a ce akwai haram a turkensa, sau da yawa da ya ji shaidu zai sallama. A nan Baba zai iya yin abin da zuciyarsa ke so na alheri. Shekara guda ana ciyar da saniya ba wasa ba ne, musamman da bazara, kuma karsana ba ta ba shi nono ba sai bayan ta haihu. Idan Baba ya ga dama ya ba shi wani abu a kan wahalar kiwo, ko a daidaita a kan maraƙin, sulhu ne mai kyau kuma ina goyon bayansa. Sai dai a rubuta, a sa hannu, kowa ya san kyautatawa ce. Idan zama bai yiwu ba, ku shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci ta yankin da saniyar take, kuma a ranar farko ku roƙi alƙali ya hana sayar da ita ko kai ta wani gari, ko ya sa a ajiye ta hannun amintacce. Ku sani cewa ciyarwar wannan lokaci na tsarewa tana kan wanda ya ci shari'a.

Injin kuwa ina ganin sai an haɗa da hukuma, domin inji yana iya ɓacewa a dare ɗaya ko a wargaza shi a sayar da kayan cikinsa. Idan kun kai rahoto lokacin da aka yi satar, wannan rubutun zai yi muku amfani ƙwarai yanzu. In ba ku kai ba, shaidar mai unguwa da 'yan sintirin da suka bi sawu a daren tana tsayawa. 'Yan sanda za su ɗauke injin a matsayin kayan shaida, kuma a nan ne ake yin sakaci, a bar shi a ɗakin ajiya har rani ya wuce. Kuna da damar neman a ba ku shi ku riƙe bisa alkawarin kawo shi duk ranar da kotu ta nema, kuma dokar gudanar da shari'ar laifuka da Jigawa da Kano suka yi a 2019 ta ba kotu ikon mayar wa mai kaya kayansa. Ku nema a rubuce, ga baturen 'yan sanda ko ga kotu. Kada kuma ku yarda a kama uban yaron ko ɗan'uwansa a madadinsa, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana wannan, kuma zalunci ne da zai bar muku gaba a tsakanin garuruwa biyu.

Game da maganar Baba ta a bar wa Allah, haƙƙinsa ne, ya yafe ko ya nema, babu mai tilasta shi. Ka gaya masa cikin ladabi cewa neman halalinsa bai saɓa wa tawakkali ba, kuma dukiyar nan akwai iyali a bayanta. Idan nauyin zirga-zirga ne yake gudu, zai iya wakilta ka ka tsaya masa a kotu, rantsuwa ce kaɗai ba a yi wa mutum.

Kafin ku taka ko'ina, ku zaunar da shaidunku a gaban mai unguwa, waɗanda ba su je sun ga saniyar a inda take yanzu ba, kowa ya siffanta ta shi kaɗai a rubuta: launinta, yadda ƙahonta ya tsaya, tsagar kunne, tabon lalas in akwai, shekarunta. Haka makanikinku ya yi wa injin. A sa kwanan wata, mai unguwa ya sa hannu, sannan ku aika wa dagacin can cewa kuna tafe.